Shin ya dace in ƙara wa Ryzen 5 2600 gudu a kan madabod mai araha?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da masu sana'ar haɗa kwamfuta da ke wannan zaure. Sana'ata ita ce tace bidiyon biki da na suna da na taruka, kuma yanzu ina haɗa kwamfutar tebur da ɗan abin da ya sawwaƙa, domin laftof ɗin da nake aiki da ita ta kasa ɗaukar aikin. Na riga na sayi furosesa Ryzen 5 2600 na hannu tare da fankarsa ta asali, wato Wraith Stealth, da RAM guda ɗaya mai gigabait 8, da katin hoto matsakaici. Abin da ya rage shi ne madabod, kuma kuɗin da ke hannuna ba zai wuce ɗayan biyu ba: ko dai A320 sabo, ko kuma B450 mafi araha, irin ƙaramin nan wanda babu ƙarfen tsotse zafi a gefen mazaunin furosesa.

Na ga mutane da dama a intanet suna cewa wannan furosesa yana kai gigahaz 4.0 ko 4.1 idan aka yi masa obakulok, wato aka ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya saita, alhali gudunsa na tushe gigahaz 3.4 ne. Wannan ya ja hankalina ƙwarai, domin abin da ya fi cin lokacina shi ne jiran kwamfuta ta gama fitar da bidiyo bayan na kammala tacewa, kuma a irin aikinmu duk mintin da aka rage riba ce. Shin dukkan madabod biyun suna ba da damar yin hakan? Idan B450 ne kaɗai, shin mai arahar zai jure, ko kuwa zan ƙona shi ne in rasa shi in rasa furosesan? Ya kamata ku sani cewa ɗakin da nake aiki babu na'urar sanyaya iska, fanka ce kawai, kuma da rana yawanci da janareta nake aiki. Ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla, domin ba ni da halin sayen kaya sau biyu. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Sabon Gari ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayarka ta farko amsarta a taƙaice take. Gudun furosesa yana fitowa ne daga agogon tushe mai megahaz 100 wanda ake ninkawa da wata lamba. Idan lambar 34 ce an sami gigahaz 3.4, idan kuma 40 ce an sami gigahaz 4.0. Kamfanin AMD ya bar wannan lamba a buɗe a kusan dukkan Ryzen na tebur, sai dai ya ɗora sharaɗin a kan cifset ɗin madabod, wato cif ɗin da ke haɗa sassan bod, wanda sunansa ake kiran bod da shi. B350 da B450 da B550 da dangin X suna ba ka damar canza ta, A320 da A520 kuwa ba a yi su don haka ba. Ke nan idan ƙarin gudu kake so, A320 ya fita daga lissafi.

Tambaya ta biyu ita ce ke buƙatar zama. Sunan cifset izini kawai yake bayarwa, ba shi ne ke ɗaukar nauyin aikin ba. Mai ɗaukar nauyin shi ne sashen da ake kira VRM, wato jerin ƙananan kayan da ke kewaye da mazaunin furosesa: 'yan baƙaƙen MOSFET masu kunna wuta da kashe ta da sauri, da koyil masu kusurwa huɗu, da kafasito. Aikinsu shi ne su karɓi bolt 12 da ke shigowa ta filogi mai fil takwas da ke saman bod, su sauke shi zuwa bolt 1.2 ko 1.3 da furosesa ke sha. Idan ƙarfin bolt ya sauka haka, dole yawan wutar da ke gudana ya hau. Furosesan da ke cin wat 100 a kan bolt 1.25 yana jan amfiya 80, kuma a bod ɗin da VRM ɗinsa ke raba wutar a layuka huɗu, kowane layi zai ɗauki amfiya 20. Zafin da MOSFET ke fitarwa saboda turjiyarsa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, ninkin kanta yake bi, ma'ana idan wutar ta ninka sau biyu wannan zafin ya ninka sau huɗu. Lamarin kamar taransfomar unguwa ne a lokacin bazara: tana aiki lafiya muddin nauyi bai wuce kima ba, amma ranar da kowane gida ya kunna komai tsawon yini, ita ce ke fara yin zafi tun kafin kayan cikin gidaje su ji komai.

Yanzu mu yi lissafin abin da za ka samu da abin da za ka biya. Gigahaz 3.4 da ka ambata ba shi ne gudun da 2600 ke aiki da shi ba. Wannan furosesa, wanda ya fito a 2018, yana da tsarin Precision Boost 2 da ke ɗaga gudu da kansa har zuwa gigahaz 3.9 idan aikin ƙwaya ɗaya ne ko biyu (ƙwayoyi su ne sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa), kuma idan ƙwayoyin shida duka suna aiki yakan tsaya a wajajen 3.6 zuwa 3.7 muddin zafi bai matsa masa ba. Saboda haka tafiyar daga 3.7 zuwa 4.0 ce, wato kusan kashi 8 cikin 100. Bidiyon da ke fita cikin minti 60 zai fita cikin minti 55 da rabi, shi ma idan furosesa ne kaɗai ke riƙe aikin. Ta ɓangaren wuta kuwa, abin da furosesa ke ci yana bin gudu sau ɗaya, yana bin bolt sau biyu. A ɗauka ka tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.35 domin ka riƙe gigahaz 4.0, ƙarin bolt ɗin shi kaɗai zai ƙara cin wuta da kusan kashi 27, idan aka haɗa da ƙarin gudun ya kusa kashi 37. Wannan kashi 37 duka zafi zai zama, kuma sai ya bi ta cikin waɗancan MOSFET marasa ƙarfen tsotse zafi kafin ya isa furosesa. Irin aikinka kuma shi ne mafi tsanani a kan VRM, domin fitar da bidiyo yana riƙe ƙwayoyi duka a cike na dogon lokaci ba hutawa, saɓanin wasannin kwamfuta da nauyinsu ke hawa yana sauka.

Abin da ya fi faruwa ba ƙonewa nan take ba ne. Yawancin bod suna da kariya, idan VRM ya yi zafi sai su tilasta wa furosesa ya sauke gudu, wani lokaci har ƙasa da gigahaz 1, ya huce, ya sake hawa, ya sake faɗowa. Mutum zai ga 4.0 a rubuce ya yi murna, alhali aikinsa ya fi ɗaukar lokaci fiye da kafin ya taɓa komai. Ɓarnar da ba a gani kuma tana kan kafasito, waɗanda zafi mai ɗorewa ke rage musu kwana.

Labarin samun gudu kyauta da kake ji yana da asali, ba ƙarya ba ne. A 1998 Celeron 300A yana tashi daga megahaz 300 zuwa 450 da sauya saiti guda, ƙarin rabi cur. A 2014 Intel ya fitar da Pentium G3258 mai gigahaz 3.2, mutane suka riƙa kai shi sama da 4.2 a kan bod masu araha na H81. Amma G3258 ƙwaya biyu gare shi, ko an matsa masa ba ya wahalar da VRM sosai, kuma a wancan zamani kamfanoni suna barin sarari mai faɗi tsakanin gudun da suka rubuta da iyakar abin da furosesa zai iya. Yanzu furosesa da kansa yake cinye yawancin wannan sarari. Ra'ayina shi ne ka sayi B450 ɗin, amma ba don obakulok ba, kuma ka bar lambar ninkin yadda ka same ta.

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, lissafinka ba shi da gyara. Sai dai ina da ɗan saɓani a kan hukuncin ƙarshe, domin a ganina ka haɗa matsakaicin ƙari da mai tsanani ka yanke musu hukunci ɗaya. Tsadar tana cikin megahaz 100 ko 200 na ƙarshe ne. Furosesa 2600 da yawa suna riƙe gigahaz 3.9 a dukkan ƙwayoyi da bolt da bai kai 1.3 ba, sai an nemi 4.0 ko 4.1 ne buƙatar bolt ke tashi da sauri. Kowane furosesa da halinsa, ko da lambarsu ɗaya kuma daga kwali ɗaya suka fito, shi ya sa bai kamata Malam ya kwafi saitin wani daga intanet ba. Amma 3.9 yana da wata fa'ida: daidai yake da iyakar da furosesan ke kai wa da kansa, don haka ba a rasa komai a aikin ƙwaya ɗaya. Wanda ya kulle shi a 3.7 ko 3.8 kuwa ya rage wa kansa gudu ne a ƙananan ayyuka bai sani ba.

Inda na fi damuwa, Malam Ɗan Gwammaja, shi ne abubuwan da masu gwajin ƙasashen waje ba sa fama da su. Su suna gwaji a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da take shaƙa, saboda haka duk lambar zafin da ka gani a bidiyonsu ka ƙara mata wajen digiri 15 kafin ka san inda kake. Iyakar wannan furosesa digiri 95 ce, kuma Wraith Stealth ƙarama ce, an yi ta ne don wat 65. Bayan bazara kuma ga ƙurar hunturu, wadda ke toshe haƙoran ƙarfen fanka cikin ɗan lokaci. Saitin da ya zauna lafiya a watan Disamba yana iya fara kashe kwamfuta a watan Afrilu ba tare da an canza komai ba.

Akwai wani abu da mutane ke yi da kyakkyawar niyya ya zame musu matsala. Sukan cire fankar asali su sa doguwar nan mai kama da hasumiya, furosesa ya yi sanyi, su ɗauka an gama. Alhali fankar asali ƙasa take hura iska, iskar ta bazu ta bi ta kan VRM. Doguwar kuwa gefe take hurawa, ta wuce ta saman MOSFET ba ta taɓa su ba. A bod marar ƙarfen tsotse zafi, wanda ya sa doguwar fanka dole ya ƙara wata ƙarama da za ta riƙa hura wannan kusurwa kai tsaye. Ana sayar da 'yan ƙarafan da ake liƙawa a kan MOSFET, suna taimakawa, amma a tabbata gam ɗinsu mai jure zafi ne, domin idan ɗaya ya ɓalle ya faɗa kan katin hoto yana iya haɗa wuta. Kuma kada a yarda da ƙirga koyil don sanin yawan layuka, domin akwai bod ɗin da ake jera koyil biyu a layi ɗaya, ido ya ga takwas alhali huɗu ne. Idan na hannu za ka saya, juya bayansa ka duba daidai inda VRM yake. Idan wurin ya yi duhu ko ya koma ruwan ƙasa, an riga an gasa shi, ka bar shi. Idan da hali ka ɗan ƙara haƙuri ka nemi irin MSI B450 Tomahawk, wanda aka san shi da VRM mai kyau da ƙarfe mai kauri, ya fi maka.

Sai kuma akwatin wuta, wato wanda ke ba sassan kwamfuta lantarki, wanda ba ka ambata ba, kuma shi ne na fi gani yana kashe bod a teburina. Kada ka dubi babbar lambar da aka rubuta a kwali. Duba takardar da ke jikinsa, ka nemi amfiyar da ke ƙarƙashin bolt 12 ka ninka ta da 12, abin da ya fito shi ne ƙarfin da furosesa da katin hoto za su samu. Wanda ka ɗaga ka ji ba nauyi, ba sunan kamfanin da aka sani, araha ba ta ado. Tun da janareta kake aiki, UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, irin mai daidaita wuta, ya fi maka ƙarin gudu muhimmanci nesa ba kusa ba, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya a tsakiyar fitar da bidiyo za ta cinye duk mintunan da 3.9 zai tara maka.

Maman Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai biyun sun yi magana a kan furosesa da bod, ni kuwa abin da ya tsaya mini a tambayar shi ne RAM guda ɗaya mai gigabait 8. Malam, a nan gudun da kake nema yake kwance. Ryzen yana magana da RAM ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma idan sanda ɗaya ce a jiki hanya ɗaya ce ke aiki. Sandar DDR4 mai gudun 3200 tana iya wuce da gigabait 25.6 a daƙiƙa, biyu kuwa 51.2. Ban da haka, gigabait 8 ya yi wa tace bidiyo kaɗan; da zarar ya cika sai Windows ya koma ajiye abubuwa a faifai, a nan ne za ka ga manhajar tana tsayawa tana tafiya, kuma babu wani gigahaz da zai magance wannan. Ka nemi sanda ta biyu irin ta farko, girma ɗaya gudu ɗaya, idan bod ɗin mai ramuka huɗu ne ka sa su a na biyu da na huɗu daga gefen furosesa, waɗanda aka fi rubuta wa A2 da B2.

Abu na biyu shi ne yawancin RAM ba sa tashi da gudun da aka rubuta a jikinsu. Sukan tashi a 2133 ko 2400 har sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, an kunna saitin gudun RAM mai suna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP, MSI kuma A-XMP. Wannan yana da nauyi na musamman a Ryzen, domin hanyar da ke haɗa sassan furosesa a ciki, Infinity Fabric, a wannan zubin tana tafiya ne da agogon RAM. RAM a 2133 yana nufin wannan hanya tana megahaz 1066, a 2933 kuma tana 1466. Ke nan ɗaga RAM yana ɗaga wani sashe na furosesan kansa, kuma ba ya ɗora wa layukan VRM na ƙwayoyi nauyin da Injiniya ya lissafa. Gudun da AMD ya lamunce wa 2600 shi ne 2933. Da yawa suna kai 3200, amma idan naka ya ƙi, ka sauko 2933 ka zauna lafiya, bambancin ba shi da yawa. XMP zai ɗaga bolt ɗin RAM daga 1.2 zuwa 1.35, wannan daidai ne, haka aka tsara shi.

Inda nake so in ja hankali sosai shi ne gwaji, ko ka bi shawarar Injiniya ko ta Mai Gyara. Mutane suna ɗauka idan Windows ya buɗe, saiti ya zauna. Kwamfutar da ke gab da iyakarta tana iya yin kuskuren lissafi ba tare da ta mutu ba, kuma a aikinka wannan yana nufin bidiyon da ya fita da tabo a tsakiya, ko fayil ɗin aikin da ya ƙi buɗewa washegari. Bidiyon ɗaurin auren mutane amana ce, ba a sake ɗaukarsa. Saboda haka ka canza abu ɗaya a lokaci guda. Fara da RAM, ka gwada shi da MemTest86 ya zagaya sau huɗu ba kuskure ko ɗaya. Idan za ka taɓa furosesa, ka buɗe HWiNFO64 ka sa ido a kan zafin furosesa, da layin SVI2 TFN wanda ke nuna bolt ɗin da ke isa ƙwayoyi a zahiri, da zafin VRM idan bod ɗin yana da ma'auninsa, domin masu araha da yawa ba su da shi. Cinebench R23 zai nuna maka ko an sami ƙari, ka rubuta makin kafin da bayan canji. Prime95 ko OCCT su ne za su tona asirin saitin da bai zauna ba. A ƙarshe ka fitar da dogon bidiyo na gaske da tsakar rana, a lokacin da ɗakin ya fi zafi, kana kallon ko gudu yana faɗowa. Kafin duk wannan ka san inda fil biyun goge CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, suke a bod ɗinka, ko yadda ake cire batirin CR2032, domin ranar da allo ya ƙi kawo hoto da su za ka dawo da saitin asali.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi. Na tsayar da shawara a kan B450, kuma kuɗin da na yi niyyar sayen babbar fanka da shi zan mayar da shi kan RAM na biyu kamar yadda Hajiya ta ce. Saura tambayoyi biyu. Wani abokin sana'ata yana ba ni shawarar in sayar da 2600 ɗin in koma Intel, wato i3 ko i5 na zubi na 12 a kan H610, yana cewa ya ji ana yi musu obakulok ko da ba masu harafin K ba ne. Shin haka ne? Sannan Injiniya, ka ce in sayi B450 amma ba don ƙarin gudu ba, ban gane dalilin da ya sa ya fi A320 ba idan har ba zan taɓa saitin furosesa ba.

Injiniyan Sabon Gari ya rubuta:

Abokinka ya ji rabin labari ne. Ƙa'idar Intel ita ce sai furosesa mai K a kan bod mai cifset Z ake canza lambar ninki, kuma waɗannan ba kayan mai neman araha ba ne. Abin da ya faru a farkon 2022 shi ne an gano cewa wasu bod ƙalilan da ke da nasu agogon na daban suna iya ɗaga agogon tushe sama da megahaz 100, ta haka aka riƙa kai irin su i5-12400 sama da gigahaz 5. Daga baya aka fitar da wasu B660 da aka yi musamman don haka, kamar MSI MAG B660M Mortar Max da ASRock B660M PG Riptide. Wannan dabara a zubi na 12 ta tsaya, kuma bod ɗin H610 da za ka samu a kasuwa ba ya cikinsu. Shi H610 ko ɗaga RAM sama da ƙa'ida ba ya bari, sai daga B660. Idan za ka koma Intel, ka koma don furosesan yana da kyau yadda yake, kada ka sayi H610 da fatan za ka ƙara masa wani abu.

Dalilin fifita B450 kuwa shi ne gaba. Mazaunin furosesa na waɗannan bod, AM4, ya daɗe, kuma B450 da aka sabunta masa BIOS yana ɗaukar Ryzen 5 5600, wanda ya fito a 2022, mai ƙwaya shida da wat 65 kamar naka, yana kai gigahaz 4.4 da kansa. A lissafin AMD, zubin Zen 2, wanda ya biyo bayan naka, ya fi naka aiki da kashi 15 a gudu ɗaya, Zen 3 kuma, wato zubin 5600, ya fi Zen 2 da kashi 19. Idan ka haɗa su ya kusa kashi 37 tun kafin a sa bambancin gigahaz. Ka kwatanta wannan da kashi 8 da muke ta lissafi, kuma ba tare da ƙarin nauyi a kan VRM ba. Gaskiya ne A320 da yawa su ma sun sami BIOS na Ryzen 5000 a 2022, amma B450 ne zai ba ka damar amfani da saitunan Precision Boost Overdrive da Curve Optimizer a kan 5600 ɗin, inda ake rage wa kowace ƙwaya bolt mataki-mataki har zuwa 30 a ƙasa. Furosesa ya rage zafi, shi kuma da ya ga sarari sai ya ƙara gudu da kansa. A ɗaki irin naka wannan ita ce hanyar da ta dace, domin tana sauƙaƙa wa bod maimakon ta matsa masa. Ita ma tana buƙatar gwajin da Hajiya ta bayyana, har ma da ƙari, domin rashin zamanta ya fi bayyana a lokacin da kwamfuta ke ƙaramin aiki ko take zaune haka kawai.

Game da 3.9 da Mai Gyara ya kawo, ban ƙi ba idan sharuɗɗansa sun cika, wato akwai iska a kan VRM, bolt bai kai 1.3 ba, kuma an gwada a lokacin zafi. Ka dai sani cewa AMD da Intel duka sun bayyana cewa garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar da ta samo asali daga fita ƙa'idar gudu, kuma yawan bolt yana cin furosesa a hankali ko da zafi bai yi yawa ba, kamar yadda aka gani a 2024 da Intel na zubi na 13 da na 14, har kamfanin ya fitar da gyaran BIOS ya kuma ƙara shekara biyu a garanti. Kada ka bar bolt a kan Auto bayan ka ɗaga lambar ninki, domin wasu bod sukan zuba fiye da buƙata.

Ranar da za ka sabunta BIOS don 5600, ka yi shi tun 2600 yana jiki, ka karanta bayanin da kamfanin bod ya rubuta a gefen kowane fayil, domin wasu suna buƙatar a bi ta wani tsohon zubi kafin na ƙarshe, wasu kuma suna cire tallafin tsofaffin furosesa saboda ƙarancin wuri. Kuma kada ka fara sai kwamfutar tana kan UPS mai cikakken caji, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiya, bod mai araha da ba shi da maɓallin dawo da BIOS sai an kai shi wurin mai na'urar rubuta cif kafin ya sake tashi.